Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Asalin Dokar Hana Masu Famfas Shiga Kwamin Jirgin Ruwa

A gefen kwamin ninƙaya na jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke ɗaukar fasinjoji daga tashoshin Amurka, ana kafa allo mai ɗauke da dokokin shiga ruwa. Mai gudawa kada ya shiga, a watsa ruwa kafin a faɗa, kada a zo da kofin gilashi. Wadda ta fi tada jijiyar wuya ita ce dokar da ta ce yaron da yake sanye da famfas, ko wanda bai kai ga iya riƙe bayan gida ba, ba shi ba kwami, ko da an sa masa famfas ɗin da aka yi musamman domin wanka. Iyaye da yawa ba sa sanin da ita sai sun biya kuɗin tafiya, sun hau jirgi, sun fito da ɗan shekara ɗaya da rabi cikin kayan wankansa, sannan ma'aikaci ya tare su. Zaton farko da kan zo wa mutum shi ne kamfani ne ke neman sauƙin aikinsa, ko kuwa manya ne ba sa son hayaniyar yara. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Dokar ta fito ne daga haɗuwar abubuwa uku da kowannensu ya taho ta hanyarsa: kwamin da ya hau saman jirgi ya zama dandalin kowa, jarirai da suka shiga sahun masu yawon shaƙatawa, da kuma wata ƙwayar cuta da ta ƙi jin maganin da duniya ta dogara da shi wajen tsabtace ruwa. Wanda ya bi sawun waɗannan uku zai ga dokar tana da hujja, kuma zai ga inda ya kamata a ɗora laifi idan ta ɓata wa iyali rai.

A farkon al'amari babu wanda ya yi tunanin jariri a kwamin jirgi, domin kwamin kansa abin alfarma ne na 'yan tsiraru. Jirgin Adriatic na kamfanin White Star, wanda ya fara aiki a 1907, shi ake ambato a matsayin babban jirgin fasinja na farko da aka gina wa wurin ninƙaya a cikinsa. Olympic da Titanic suka biyo baya a 1911 da 1912. Kwamin Titanic yana can ƙasa a cikin jirgi, tsawonsa kimanin mita 9, faɗinsa kimanin mita 4, ana cika shi da ruwan teku mai ɗumi, fasinjojin aji na ɗaya kaɗai ke shiga, maza da lokacinsu mata da nasu. Jiragen wancan zamani na sufuri ne, aikinsu haye Tekun Atilantika da mutane da wasiƙu. Mafi yawan jariran da ke cikinsu 'ya'yan masu ƙaura ne da ke cunkushe a aji na uku, inda samun bahon wanka ma sai da layi. Tsabtace kwamin kuma bai zama abin tunani ba, tunda teku na gefe: a zuƙo ruwa, a yi wanka, a mayar da shi inda ya fito.

Abin ya fara sauyawa ne da jiragen Italiya irin su Rex da Conte di Savoia na 1932, waɗanda suke bin hanyar kudu mai rana, suka mai da zaman shan iska a bakin ruwa wani ɓangare na tafiyar. Sauyin gaske kuwa jirgin sama ne ya kawo shi. Daga 1958, da jirage masu injin jet suka fara haye Atilantika cikin sa'o'i, fasinjoji suka watse wa jiragen ruwa, kamfanonin da suka tsira suka koma sayar da hutu maimakon sufuri. Miyami ta zama cibiyar wannan sana'a, Royal Caribbean ta fito da jirginta na farko a 1970, Carnival ta fara a 1972, kwami ya tashi daga ƙasan jirgi ya koma bene na sama, kiɗa da abinci da kujerun kishingiɗa suka kewaye shi. Da farko ma'aurata da dattawa ne suka fi yawa. A shekarun 1980 kamfanin Premier ya fara farautar iyalai, sannan Disney ta sako jirginta Disney Magic a 1998, kasuwa ta juya gaba ɗaya. Yau kamfanoni da dama suna karɓar jariri daga wata shida, ko shekara ɗaya idan tafiyar ta haye teku ce. Sai dai jirgi yana ta girma, kwami bai bi shi ba. Kowace mita kubik guda ta ruwa tan ɗaya ce, kuma ɗora wannan nauyi a ƙololuwar jirgi, yana tangaɗi daga gefe zuwa gefe, abu ne da injiniyoyi ke taƙaitawa ƙwarai. Jirgin Icon of the Seas na 2024 yana iya ɗaukar fasinjoji kusan 7,600, amma kwamin ninƙayarsa bakwai ne. Mutane dubbai, ruwa kaɗan.

Hukuma ta shigo cikin lamarin ne ta ƙofar gudawa. A watan Yunin 1973 cutar atini ta ɓarke a wani jirgin shaƙatawa a yankin Karebiyan, ta kwantar da kusan tara cikin goman fasinjojinsa. Wannan da wasu irinsa suka sa Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, ta kafa shirin tsabtar jiragen ruwa a 1975. Shirin ya shafi duk jirgin da ke ɗaukar fasinjoji 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje yana kuma tsayawa a tashar Amurka. Dubagarinsa kan dira jirgi sau biyu a shekara ba sanarwa, su leƙa ɗakin girki, tankunan ruwan sha, ɗakin magani da wuraren wanka, su ba da maki bisa 100. Jirgin da ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi, kuma ana buga sakamakon kowa ya gani. A shekarun farko hankalinsu yana kan abinci da ruwan sha. Abin da ya faru a jirgin Horizon a 1994 ya nuna cewa ruwan wasa ma yana kashewa: wata cutar huhu ta kama fasinjoji kimanin 50 a tafiye-tafiyensa tsakanin New York da Bamuda, mutum ɗaya ya rasu, aka bi sawun ƙwayar har cikin matacin bahon ruwan ɗumi. Tun daga nan ruwan wanka ya zama babi mai zaman kansa a aikin dubagari, da awon sinadari da rubuta shi a littafi. Saboda haka dokar famfas tana cikin littafin ƙa'idojin hukumar lafiya ne, jirgin da ya yi sakaci da ita makinsa zai taɓu.

Abu na uku, wanda shi ne ƙashin bayan hujjar, shi ne gazawar kulorin. Tun daga 1908, lokacin da birnin Jersey City ya fara zuba shi a ruwan famfo, kulorin ya zama garkuwar ruwan sha, ba da jimawa ba ya shiga wuraren ninƙaya, kuma ya cancanci yabon da aka yi masa, domin ya karya lagon taifot da kwalara a biranen da suka rungume shi. A 1907, shekarar da Adriatic ya fara tafiya, wani masani a Amurka mai suna Ernest Tyzzer ya bayyana wata ƙwaya da ya gani a cikin ɓera, wadda ake kira Kiriftosforidiyam, ko Kirifto a taƙaice. Kusan shekara saba'in aka ɗauke ta matsalar dabbobi. Sai a 1976 aka fara tabbatar da ita a jikin mutum, a shekarun 1980 ta addabi masu cutar ƙanjamau, a 1993 kuma ta shiga ruwan famfon birnin Milwoki ta kwantar da mutane fiye da 400,000, alhali ana zuba wa ruwan kulorin. Sirrinta wani ɓawo ne mai tauri da take fitowa da shi cikin kashi. Alƙaluman CDC sun nuna bambancin a fili. A ruwa mai kulorin miligiram 1 a kowace lita, ƙwayar E. coli mai haɗari tana mutuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, ta ciwon hanta nau'in A cikin kimanin minti 16, Jiyadiya cikin kimanin minti 45. Kirifto kuwa tana iya wuce kwana goma da ranta. Zawo ɗaya na mai ɗauke da ita yana iya sakin miliyoyin ƙwayoyi, guda goma kacal da aka haɗiya kuma suna iya kwantar da mutum. Tafiyar shaƙatawa da aka fi yi ta mako ɗaya ce, ke nan ƙwayar da ta faɗa kwami ranar tashi tana iya kaiwa ranar sauka.

Darasin da ya haɗa wannan ƙwaya da ƙananan yara a tudu aka koye shi. A 1998, a wani filin wasan ruwa kusa da Atlanta, yara 26 suka kamu da E. coli a kwamin ƙananan yara da kulorinsa ya yi ƙasa, yarinya ɗaya ta rasu. A 2005 Kirifto ta kama dubban mutane a filin feshin ruwa na Seneca Lake a jihar New York, wurin da ko ruwan tsaye babu, illa dai ruwan da ya wanke yara yana komawa tanki a sake feso shi. A 2007 jihar Yuta ta tabbatar da mutum kusan 1,900 da suka kamu, har hukuma ta hana duk yaron da bai kai shekara biyar ba shiga wuraren ninƙaya na jama'a na wasu makonni. Tsakanin 2009 da 2017 an ƙirga ɓarkewar Kirifto sau 444 a Amurka, kusan ɗaya cikin uku daga wuraren wanka masu kulorin. Dalilin da ya sa yara suke tsakiyar maganar ba ɓoyayye ba ne. Su suka fi kamuwa da gudawa, su ne ba sa iya cewa cikinsu ya murɗa, su ne ke kurɓar ruwan wanka, kuma su ne gudawa ta fi saurin zuƙe wa ruwan jiki. Yaron da dokar ta hana shiga kwami yana cikin waɗanda ta fi karewa.

Ƙorafi na farko da iyaye kan kawo shi ne famfas ɗin wanka, wanda ya yaɗu a kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. Ai an yi shi ne domin wannan, in ji su. Amsar tana cikin ƙirarsa. Famfas na yau da kullum yana ɗauke da wani gari da ke tsotse ruwa ya kumbura, in an shiga kwami da shi sai ya yi nauyi ya saki, wani lokaci ya fashe. Domin kauce wa haka aka rage wa na wanka wannan ikon tsotsa, aka bar roba a ƙugu da cinyoyi. Ruwan kwami yana shiga ta waɗannan gefuna yana fita a duk motsin yaro. Fitsari yana wucewa kai tsaye, kashi mai tauri yana ɗan tsayawa har uwa ta lura ta fitar da yaron, amma ruwan da ya ratsa shi ya riga ya kwashi abin da zai kwasa. Zawo kuwa ko jinkiri ba ya yi, kuma zawo shi ne mai ɗauke da Kirifto. CDC ta daɗe tana faɗin cewa waɗannan famfas suna ɗan jinkirta yoyo ne kawai. Illarsu ma ita ce kwanciyar hankalin da suke ba iyaye, har uwar da za ta bar yaro mai lalacewar ciki a ɗaki ta ga ai ta rufe ƙofar matsala.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: otal-otal da wuraren ninƙaya da yawa a tudu suna barin yara masu famfas ɗin wanka, me ya sa jirgi zai fi su tsanani? A duba abin da ke biyo bayan haɗari. Da zarar ma'aikaci ya hango kashi a ruwa, sai a fitar da kowa, a ja raga a rufe kwamin, a kwashe abin da ake iya gani. In mai tauri ne, ƙa'idar CDC ita ce a riƙe kulorin a miligiram 2 na kimanin minti 25, lamarin ya wuce. In zawo ne, sai an ɗaga shi zuwa miligiram 20 na tsawon awa 12 da minti 45, a wanke matata, sannan a sauke sinadarin zuwa inda fata za ta iya ɗauka. A gari, wanda aka rufe wa kwami ɗaya yana da wani a unguwa ta gaba, wanda ya kamu kuma yana da asibiti. A tsakiyar teku yini guda ne cikin bakwai ya tafi wa dubban mutanen da suka biya, wake ɗaya ya ɓata gari. Zubar da ruwan a ɗebo sabo ma ba a kowane wuri ake yi ba, domin ƙa'ida ta ce kwamin da ke zuƙo ruwan teku kai tsaye sai jirgi ya yi nisan mil 12 daga gaɓa. Ɗakin maganin jirgi kuma ba asibitin yara ba ne. Jaririn da gudawa ta galabaitar a ranar da babu tasha kusa, matsalarsa tana iya kaiwa ga juya akalar jirgi gaba ɗaya. Ƙazantar da kogi zai haɗiye ba a ji ba, in ta faɗa randa ta gama da ruwan gida. Ga kuma abin da ya faru a Yuta, wanda ya nuna cewa tudun ma, in wuta ta kai gemu, abin da jirgi ke yi kullum shi yake komawa yi.

Wasu kan ce manya ma ba tsarkaka ba ne, kuma gaskiya suka faɗa. Binciken da CDC ta wallafa a 2013 ya samu alamar E. coli a kashi 58 cikin ɗari na samfuran matatan wuraren ninƙaya da aka gwada a yankin Atlanta, shaida cewa mutane suna shiga ruwa da ragowar ƙazanta a jiki. Babban da ya tashi daga gudawa yana iya ci gaba da fitar da Kirifto, shi ya sa ake shawartarsa ya haƙura da ninƙaya har mako biyu bayan ta tsaya, kuma ba kowa ke haƙurin ba. Amma wannan hujja ce ta a matsa wa manya, ba ta nuna a sassauta wa jarirai ba. Allon nan da ya hana mai famfas shi ne ya hana mai gudawa. Bambancin shi ne babba yana jin cikinsa yana iya fita da gudu, ana kuma iya kama shi da laifi in ya ƙi, jariri kuwa ba shi da wannan zaɓi. Haka nan a lura da ma'aunin da dokar ta ɗauka. Ba ta ƙayyade shekaru ba. Ɗan shekara biyun da ya saba da fo yana shiga, ɗan shekara huɗun da bai saba ba yana jira. Ma'aunin shekaru ya fi sauƙin aiwatarwa, tunda fasfo zai raba gardama, amma zai hana yara da yawa da ba su da wata matsala. An zaɓi ma'aunin da ya fi kusa da ainihin haɗarin, duk da cewa ya dogara da gaskiyar iyaye, kuma uwar da ta cire wa ɗanta famfas a bayan ƙofa domin ya wuce idon ma'aikaci ta fi wadda ta bar masa shi jefa mutane cikin haɗari.

Ƙorafin da ya fi kama da na masu ilimi shi ne cewa cutar da aka fi sani a jiragen shaƙatawa Norobairos ce, mai bi ta hannu da abinci, ba a cika jin ɓarkewar Kirifto daga kwamin jirgi ba. Akwai amsa biyu. Ta farko, ƙarancin gobara a gidan da aka hana wasa da ashana bai nuna hanin banza ne ba. Ta biyu ta shafi yadda ake ƙirga. Jirage suna kai rahoton masu gudawa da amai da aka gani a lokacin tafiya, kuma ana shelanta ɓarkewa idan adadin ya kai kashi 3 cikin ɗari. Norobairos tana bayyana cikin yini ɗaya ko biyu, saboda haka a jirgi ake ganinta. Kirifto kan ɗauki kimanin mako guda kafin ta nuna kanta, tsakanin kwana biyu zuwa goma. Wanda ya kurɓi ruwa ranar Laraba yana gidansa a wata jiha ko wata ƙasa lokacin da cikinsa zai ɓaci, likitan da zai gani ba lalle ya gwada wannan ƙwaya ba, balle ya haɗa shi da wani mara lafiya a wata nahiya. Shirun littafin jirgi shaida ce mai rauni.

Abin da ya fi nuna cewa dokar ba ƙyamar yara ba ce shi ne hanyar da aka bi aka warware rikicin. Maimakon a buɗe wa jarirai babban kwami, sai aka gina musu nasu ruwan. Littafin ƙa'idojin da aka sabunta a 2011 ya ƙunshi sharuɗɗan wurin wasan ruwa na jarirai zalla. Dole ya zama babu zurfi sam, ruwa na fesowa yana zurarewa nan take. Dole tankinsa da famfonsa da matatarsa su zama daban da na kowane kwami, ruwan ya zagaya ta matata cikin rabin awa, sannan ya ratsa ta fitilar ultrabayolet, wadda haskenta ke lalata Kirifto cikin sauri inda kulorin ya gaza. Yaro yana shiga da famfas ɗin wanka, wurin sauya shi yana kusa. Wannan tsari ne ake gani a ƙananan filayen feshi irin Nemo's Reef a jirgin Disney Dream da Baby Bay a sababbin jiragen Royal Caribbean. Darasin Seneca Lake yana cikin ƙirar: rashin zurfi kaɗai bai isa ba, sai an kula da ruwan da ke komawa tanki.

Saura wani laifi da dokar ba ta wanke ba, kuma na 'yan kasuwa ne. Gina irin wannan wuri kuɗi ne da fili, tsofaffin jirage da yawa ba su da shi, wasu filayen feshin kuma na yaran da suka bar famfas ne kawai duk da kamanninsu. Jiragen da ba sa taɓa tashar Amurka suna bin wasu ƙa'idojin, har kamfani ɗaya yakan bambanta daga jirgi zuwa jirgi. Duk da haka tallace-tallace cike suke da hotunan iyalai a bakin ruwa, sharaɗin kuma yakan maƙale can cikin dogon rubutun da ba kowa ke karantawa ba. Haka ma iyalin da ke da babban yaro mai naƙasa wanda ba ya iya riƙe bayan gida, dokar tana faɗa musu da nauyin da ba ta faɗa wa kowa da shi, kuma wurin jarirai bai cika dacewa da su ba. Fushin iyayen da aka mayar daga bakin kwami yana da tushe, amma ma'aikacin da ya tare su da dubagarin da ya rubuta ƙa'idar ba su ne suka yaudare su ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗin kujerar jariri ɗan wata shida ya san tun ranar sayar da tikiti ko jirginsa yana da ruwan da yaron zai taɓa, kuma haƙƙin iyaye ne a gaya musu wannan ƙarara kafin su biya.